Ƙodar Hagun Jikata

Ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan maido muku. Mai tuƙa tuwo ta rage wuta, mai tauna goro ya tura shi gefen kunci. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu tsakanin Bahindi da Lolo.

Ni mutuniyar Bahindi ce. Can aka binne cibiyata, can na yi aure, can na binne mijina. Autata aka kai Lolo, gidan wani mai ɗaukar kaya a babur yana ƙetara iyaka zuwa ƙasar Benin. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ba ya hana ɓarna. Gidan kuwa yayarsa ke riƙe da shi, wadda aurenta ya mutu ta dawo ta zauna. Ita ce gwaggon jikata, kuma gwaggo zan riƙa ce mata, don bakina ya daina ɗaukar sunanta. Sana'arta sayar da magani ranar kasuwar Lolo. Ƙwayoyi ne ja da rawaya da ake shigowa da su ta iyaka, ba kwali ba takarda, tana zuba su a daro kamar gyaɗa.

Jikata kuwa tun tana rarrafe ta zaɓe ni. In na je gidan ba ta yarda da bayan kowa sai nawa. Bayan yaye da kaɗan masassara ta fara kama ta. Sai jikinta ya ɗau zafi kamar tukunya, ta ƙi abinci, in za ta yi fitsari ta riƙe mara ta yi ta tsala kuka. Fitsarin ya fito gurɓatacce kamar ƙasari, da wari mai tsayawa a hanci. Gwaggo ta ce masassarar sauro ce. Sai ta fasa ƙwaya ta juye garin a koko, a ba ta yau a ba ta gobe, zafi na sauka a daina. Wata ba ya cika sai abin ya dawo.

Duk sanda labari ya iske ni, sai in hau kabu-kabu in tafi. Ina zuwa ne don na ji ba ta da lafiya. Ashe a gidan an juya maganar, wai ba ta da lafiya ne don ina zuwa.

Wata rana da la'asar na iske ta kwance a tabarma, ido a juye, ba ta san inda take ba. Tana ta cewa, "Kaka, Kaka, Kaka." Ni ce kakar. Yaro in wuta ta ci shi, wa zai kira in ba wanda ya saba goya shi ba? Amma a wajenmu akwai wata magana da aka gada. In mara lafiya ya fita hayyacinsa yana kiran wani, sai a ce maye ne ya kama kurwarsa, kuma mayen yake kira. Maganin kuwa a sa mayen ya tsallaka shi, wai sai ya saki.

Gwaggo ta miƙe ta tafa hannu ta ce, "Kun ji? Da kunnenku kuka ji. Ɗiya ta faɗi mai riƙe da ita."

Na ce, "Ke, ji tsoron Allah. Jinina ce wagga."

Ta ce, "Mayya da jininta take fara buɗa baki, tsohuwa. Ki sake muna ɗiya."

Kafin in rufe baki unguwa ta cika gidan. Aka ja tabarmar da yarinyar a kai zuwa ƙofar gida, inda kowa zai gani. Aka tura ɗiyata ɗaki aka tsaya a bakin ƙofa, ina jin kukanta. Surukina yana tsaye jikin babur ɗinsa yana kallon taya, kamar a taya aka rubuta abin da zai ce. Gwaggo ta fizge ɗankwalina, furfurata ta fito fili a gaban yaran da ban girmi kakanninsu da komai ba.

Na dubi yarinyar. Leɓenta ya bushe ya tsage. Na san in na ƙi tsallaka ta, za su ce na ƙi sakinta, kuma ba mai ba ta ko ruwa har sai na yi. In na yi kuwa, na amsa sunan. Sai na tattara zanena na tsallaka jikata. Ina wucewa ta kanta ta ɗago hannu ta damƙe haɓar zanen. Sai da gwaggo ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Washegari zafin ya sauka, kamar yadda ya saba sauka in an ba ta ƙwayar nan. Lolo ta ce magana ta tabbata. Aka aiko mini cewa kada ƙafata ta sake taka gidan.

Labari ya riga ni isa Bahindi. Yaran da ke taruwa ƙofar ɗakina jin tatsuniya suka ɗauke ƙafa. In na nufi rijiya, mata su janye goyonsu zuwa gaba. Daddawar da nake yi ta bushe a faifai ba mai taya. Ban yi kuka ba. Na ɗauko zanen nan, daidai inda yarinyar ta damƙa, na ƙulla shi ƙulli mai tauri. Na ce wa Allah, ba zan kwance ba sai na ga abin da ke cin jikata da idona, kuma sai na nuna shi a inda aka tuɓe mini ɗankwali.

Damina ta wuce, aka yi girbi, ban sa jikata a ido ba. Masassarar ba ta daina zuwa ba, sai aka ce daga nesa nake kamawa. Ran nan ta zo da jijjiga, yarinya ta sanƙare. Allah ya sa ranar kasuwa ce, gwaggo tana bakin daronta, uban kuma ya ƙetara iyaka. Ɗiyata ba ta shawarci kowa ba, ta saɓa ta a kafaɗa ta tare kabu-kabu sai asibitin Bagudo. Daga can ta ari waya ta kira maƙwabcina. Ko tukunyar da ke kan wuta ban sauke ba.

Likitan Bagudo ya ɗibi jini ya ce ba masassarar sauro ba ce. Ya sa aka tari fitsari a ƴar kwalba, ya dawo ya ce ƙwayoyin cuta ne cike da shi. Ya tambayi tun yaushe, aka gaya masa. Ya ce cutar fitsari in tana zuwa da zafin jiki irin wannan, tana kuma komowa, to ba a mara kaɗai ta tsaya ba, tana hawa har ƙoda. Ya yi mata allurai har ta farfaɗo ta nemi koko. Sannan ya ce a kai ta Birnin Kebbi a ɗauki hoton ciki, a ga halin da ƙodar ke ciki.

Gwaggo ta iso asibitin tana huci, surukina na biye da ita. Ta ce ba a ba kura ajiyar nama, in ni zan je to ita ma ƙafarta ƙafarmu. Na ce, "Bismilla. Dama ke nake so ki gani."

A Birnin Kebbi aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu-duhu. Mai ɗaukar hoton ya shafa wa yarinyar wani abu mai sanyi mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya ɗora wani ƙarfe mai kan guduma a cikinta da kwiɓinta, yana zagayawa yana kallon gilashi irin na talabijin. Ni dai hayaƙi kawai nake gani, baƙi da toka. Ba zafi ba allura, har yarinyar tana dariya wai yana mata cakulkuli. Ni kuwa ina jiran ya nuna abu ya ce ga shi.

Sai ya ce ƙoda biyu suna nan a mazauninsu. Ba tsakuwa, ba toshewa, ba kumburin da za a faɗa.

Gwaggo ta yi guɗa a cikin asibiti. Ta ce, "To, tsohuwa, mi ya rage? Injin nasara ma ya duba bai ga komi ba. Dama inji yana ganin kurwa?"

Ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa kamar ranar ba. Amma likitar yara da muka kai wa sakamakon, wata mace mai tabarau, ba ta sallame mu ba. Ta ce wannan hoton kamar a tsaya a waje ne a dubi rumbu. Za a ga tsayinsa, a ga ko ya tsage ko ya karkace, amma ba kullum ake ganin aikin da gara ke yi a ciki ba. Ta ce yarinyar da cuta ta komo mata haka, akwai dalilin da ke maido ta, kuma akwai wani hoton daban da ke nuna hanyar da fitsari ke bi. Sai an je Sakkwato.

A tasha surukina ya ce, "Tunda an duba ba a ga komi ba, mu koma gida mu ci gaba da addu'a." Gwaggo tana gefe tana gyaɗa kai.

Ku sani, tun da ya auri ɗiyata ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In ya zo gaisuwa daga nesa yake durƙusawa, ni kuma in amsa fuskata a bango. Haka muka gada tsakanin suruka da suruki. Ranar nan na ajiye wannan kunyar a ƙasan tasha, na tsaya gabansa.

Na ce, "Kai, ɗan nan, ɗago ka dube ni. Ranar da aka tuɓe mini ɗankwali taya kake kallo. Yau ba taya a nan. In ka mai da ɗiyar nan gida ta mutu, ba ni na cinye ta ba, ba yayarka ba, kai ne. Kuma sai na faɗi haka gaban Allah."

Masu lodin mota suka juyo suna kallonmu. Wani ɗan kamasho ya ce, "Malam, in ni ne kai, motar Sakkwato ga ta can." Surukina ya ɗauki jakarmu ya nufi motar.

Hoton Sakkwato ba wasa ba ne. Aka ce za a zura wa yarinyar siririyar roba ta mafitsara, a cika marar da wani ruwa da ke fitowa fari a hoto, sannan a jira ta yi fitsari a ƙarƙashin injin, ana ɗauka tana yi. Aka shiga da ita da uwar. Muna zaune a benci muna jin ihunta. Roba ta shiga, ruwa ya shiga, amma yarinya ta ƙanƙame jiki ta ƙi sakin fitsari. Sai na ji ta fara, "Kaka, Kaka!"

Malamar asibiti ta leƙo ta ce, "Wace ce Kaka a cikinku?"

Gwaggo ta yi wuf ta ce, "Kada ku bar ta ta shiga. Ita ce ke riƙe da ita."

Malamar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, mu nan fitsari muke nema. In ke za ki sa ta yi, bismilla. In ba haka ba, matsa." Ta kama hannuna.

Aka rataya mini wata riga mai nauyi kamar buhun da ya sha ruwa, wai don hasken injin. Na tsaya a kan jikata, na sa tafin hannuna a goshinta, na yi mata ƴar waƙar da nake mata in na ɗora ta a ƙafafuna da safe tun tana jaririya. Jikinta ya saki. Fitsari ya zo.

Da likitan ya kira mu, na ce a shigo da gwaggo. Ya manna baƙin faifan hoton a jikin fitila. Wannan karon ko ni da ban yi boko ba na gani. Ga mara fara fat kamar ƙwarya cike da nono. Ta dama ba komai. Ta hagu kuwa wani farin zare ya tashi daga marar ya hau sama, ya je ya yi rassa kamar ƙahon barewa.

Likitan ya ce fitsari daga ƙoda yake saukowa zuwa mara, kuma a bakin marar akwai wata ƴar ƙofa da ke rufewa don kada ya koma. Ta hagun jikata ba ta rufuwa, kuma haka aka haife ta. Duk sanda ƙwayar cuta ta shiga mara, sai fitsari ya ɗauke ta ya kai ta har ƙoda. Maganin da ake ba ta a daina, kwantar da cutar kawai yake yi, ba ya kashe ta.

Na ce, "Likita, tun a ciki aka halicce ta haka? Ba wani ne ya kama ta ba?"

Ya ce, "Inna, ba wanda ya kama ta."

Na juya na dubi gwaggo. Tana gyara mayafi, wai zafi ake yi.

Na tambaye shi ko ƙodar ta ƙone. Ya ce wannan hoton hanya kawai yake nunawa, na farkon kuma tabo kan ɓuya masa. Akwai na uku, wanda ake yi wa yaro allura a jijiya, a jira maganin ya taru a ƙoda, sannan a ɗauka. Inda naman ke da rai sai ya haska, inda ya mutu ya bar gurbi. Amma ba a yin sa nan kusa, sai can kudu, kuma sai ta yi watanni ba masassara, don a bambance tabon da ya zauna da ciwon da zai warke. Ya rubuta maganin da za ta riƙa sha kullum ba fashi.

A Bahindi ta yi waɗannan watannin, a ɗakina. Ba wanda ya isa ya ce a'a. Ni ke ba ta magani, ni ke bin ta da moɗar ruwa, ni ke tuna mata ta je ta yi fitsari kada ta riƙe. Masassara ba ta sake leƙo mu ba, a ɗakin mayya. Da lokaci ya yi, uban da kansa ya zo ya durƙusa ya ce an shirya tafiya. Muka yi tafiyar da ban taɓa yin irinta ba, har inda ba a jin Hausa sai a tasha.

Hoton na uku a farar takarda aka ba mu. Ƙodar dama cikakkiya, kamar ƙwayar wake mai kyau. Ta hagu ƙarama, sama da ƙasa an gutsure, kamar ƙosan da ɓera ya kwana yana ci. Likitan can ya ce tabon ƙoda ba ya gogewa. Ya ce ba zai iya nuna wace masassara ce ta yi wanne ba, amma kowace da aka bari ta daɗe ta ɗauki rabonta. Ta dama za ta riƙe ta in an kiyaye, sai dai a riƙa auna jininta da fitsarinta har girmanta.

Na lissafa a raina masassarar da aka yi bayan an kore ni, daga damina har girbi, ana fasa ƙwaya a koko ana zagina. Na shafa ƙullin zanena. Rabin alkawarina ya cika, saura rabi.

Ranar kasuwar Lolo na yi wanka na ɗaura zanen nan, na ɗauki tabarma da hotunan. Na fara tsayawa a ƙofar gidan surukina, daidai inda aka shimfiɗa jikata, na ɗaga baƙin faifan a rana har maƙwabta suka fito suka gani. Daga nan na wuce kasuwa, na shimfiɗa tabarmata dab da daron gwaggo.

Ta ce, "Mi kike nema nan?"

Na ce, "Kasuwa ta ubanki ce? Ke kin kasa naki, ni ma na kasa nawa."

Ban zage ta ba, ban taɓa daronta ba. Duk matar da ta tsaya da goyo za ta sayi ƙwaya, sai in ce, "Ɗiyata, zo ki ga mayyar da ta ci jikata." In ɗaga faifan in nuna mata farin zaren. In buɗe takardar in nuna mata inda aka gutsure. In ce, "Wannan daron ne muka yi ta sha. In ɗanki yana kuka wajen fitsari, Bagudo ba nisa, ki ce a auna fitsarin." Wata Bafulatana mai tallar nono ta daɗe tana kallo, ta mai da kuɗinta cikin lalita, ta ce wa gwaggo, "Ashe ke ce mai haƙoran."

Kasuwa ta biyo kasuwa, ban fasa ba. Rana ta gasa ni, ruwa ya dake ni. Aka turo dattawa su ba ni haƙuri. Wani mai farin gemu ya ce, "Hajiya, abin ya isa haka, ai gaskiya ta fito." Na ce, "Malam, ranar da aka tuɓe mini ɗankwali kana cikin taron, na ga hularka. Ranar ba ka ce ya isa ba." Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Sai da daron nan ya koma ana wanke-wanke da shi na naɗe tabarmata.

Ga yadda kowa ya ƙare. Surukina yana nan yana ƙetara iyaka, kuma shi ke kai yarinyar awo da kansa. Ya dawo gaishe ni daga nesa, amma ni ban sake juya fuskata bango ba, kallonsa nake yi har ya gama. Ɗiyata ta sa an ja katanga a tsakar gidan, ƙofarta daban. Yaran Bahindi sun dawo jin tatsuniya, uwayensu suna aiko su sayen daddawa kamar ba a yi komai ba, ni kuma ina sayar musu, na san kowace da abin da ta yi.

Gwaggo ta bar Lolo ta koma wajen wani ɗanta a ƙetaren iyaka. Bara ciwo ya kwantar da ita, ta aiko da goro wai in yafe mata. Na mai da goron. Na ce a gaya mata sunana ya dawo, ba ita ta maido shi ba. Ƙodar kuwa ba tawa ba ce balle in yafe. Ta jira mai ita ta yi hankali ta roƙe ta, in Allah ya kai ta lokacin.

Jikata ta shiga makaranta. An sake hoton robar nan, likita ya ce ƙofar ta fara rufuwa da girma, an dakatar da maganin kullum. Ƙodar hagu tana nan yadda aka bar ta, ba ta bin ƴar'uwarta girma. Rannan tana tsefe mini kai ta ga ƙullin zanen, ta ce, "Kaka, mi kika ɓoye nan, kuɗi?" Ta kai hannu za ta kwance. Na riƙe hannun na ce ta bari tukuna, ranar da ta isa jin labarin duka, ita za ta zaɓa.

Ga kunnuwanku nan na maido. Mai tuwo ta koma ta duba tukunyarta.